Daga Katsina zuwa Jidda, me ke ƙarƙashin fukafukin jirgi?

Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura kan nisan Katsina da Jidda. Wani ya rantse sai an yi kilomita dubu goma. Ƙanina ya zaro waya ya duba: in aka ja layi miƙe, wajen kilomita 3,500 ne. Madina ta ɗan ɗara, kusan 3,600. Landan ma ta fi su nisa, don ta haura 4,000. Jirgin da ke cin kilomita 850 a awa kuwa, awa huɗu da 'yan kai sun ishe shi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Agogon can ya riga namu da awa biyu, shi ya sa sabon alhaji kan zaci ya daɗe a sama.

Sai Baba Alhaji, wanda duk gardamar bai tanka ba, ya ce, "Ku yara kun san kilomita, amma kun san ƙasar wa kuke tsallakawa?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Layin da waya ke ja ta kan Chadi yake bi, ya ratsa Sudan, ya haye Bahar Maliya. Nan ce hanyar da kakanninmu suka taka da ƙafa da jaki: Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Janaina, Fashir, Obayid, har Sawakin a bakin teku. Mutum ya yi shekara biyar, bakwai, yana yada zango ya yi ƙodago a gonar auduga ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, garin da suka zauna a gefen kogin Nilu har gobe sunansa yake amsawa. Ko Sarkin Katsina Dikko da ya yi hajji a 1921, ta Ingila ya zagaya a jirgin ruwa.

Abin da ke ba ni haushi, yaushe muka tuna da Sudan? Sai da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara awanni, kuɗin jirgi ya tashi. Nan fa kowa ya zama masanin taswira. Ni ma ina cikin masu ƙorafin, ba na cire kaina. Amma ƙorafinmu kaf a kan dala ne da gajiyar zama a kujera. Garuruwan da aka yi ta luguden wuta a kansu, Janaina da Fashir da Khartum, akwai unguwannin da in ka yi sallama da Hausa za a amsa maka da Hausa.

A ganina masu yi wa maniyyata bita su ware ko minti goma su faɗa musu wannan tarihi, kuma limamanmu su riƙa ambaton Sudan a alƙunutu kamar yadda suke ambaton Gaza. Na faɗa wa Baba haka, ya ce ƙanen kakansa ma a Obayid aka yi masa ganin ƙarshe, kuma har yau ba wanda ya je neman zuri'arsa.