Ɗan uwa mai neman aikin manhaja, buɗe baki a intabiyu

Muna da matasa a Ringim da Gumel da Bichi da Ɗambatta waɗanda suka kai shekara uku ko huɗu suna rubuta manhaja, wasu daga jami'ar Dutse ko ta Wudil suka fito, wasu a waya da laftop ɗin hannu suka koya da kansu. Aikinsu yana da kyau. Amma idan suka nemi matsayi na tsakiya, wato wanda ya wuce na ɗan koyo, sai a yi ta mayar da su baya a intabiyu. A ganina abin da ya fi kayar da su shi ne shiru, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ka fara gane abin da kamfani yake nema. Ɗan koyo ana yanka masa aiki ƙanana a tsaya a kansa. Na tsakiya kuwa ana miƙa masa sashe guda a juya baya, ana sa ran zai yi tambaya inda ya dace, ya gama, ya kuma gyara idan abin ya lalace da dare. Duk matakan da za ka bi, daga gajeren kiran farko zuwa gwajin kodin, da zanen tsari (wato tsara yadda sassan manhaja za su haɗu su yi aiki), da hirar halayya, wannan suke aunawa: za a iya barin ka kai kaɗai?

A gwajin kodin yawanci minti 45 zuwa 60 za a ba ka. Kada ka taɓa madannai kafin ka maimaita tambayar da bakinka. A ce an ba ka jerin lambobin ciniki, an ce ka fitar da waɗanda suka maimaitu. Tambayi yawan jerin. Tambayi abin da za a yi idan babu komai a cikinsa. Sannan ka faɗi hanya mafi sauƙi ko da ba ta da kyau, wato a kwatanta kowace lamba da sauran, ka nuna aibinta da lissafi: idan lambobin sun kai 100,000, kwatance kusan biliyan biyar za a yi. Daga nan ka kawo gyara, a riƙa zuba kowace lamba a HashSet, wato ma'ajiyar da ba ta riƙe abu ɗaya sau biyu kuma ake saurin duba abin da ke cikinta, lambar da aka tarar tana ciki ita ce maimaici, wucewa ɗaya an gama, amma za a ci ƙwaƙwalwar na'ura. Wanda ya yi wannan bayanin ya makale a layi biyun ƙarshe ya fi samun maki a kan wanda ya sunkuya minti arba'in ya miƙa amsa daidai babu uffan.

Atisaye ba ya buƙatar tambaya ɗari biyar. Biyu a rana a LeetCode, shafin atisayen tambayoyin kodin, na matsakaicin wuya, tsawon sati shida, ka sa agogo na minti talatin. Yi da babbar murya, da Turanci, ka ɗauki sautinka a waya ka saurara bayan isha'i. Za ka ji inda kake yin ɗif.

Zanen tsari shi ne inda nake ganin ɗan karkara yana da gata bai sani ba. Kowa a nan ya taɓa tsayawa gaban mai POS ranar kasuwa, sabis ya ɗauke, injin ya ce ciniki bai shiga ba, aka sake gwadawa, sai ga alat biyu. Wannan matsala ce ta ainihi da kamfanonin hada-hadar kuɗi suke tambaya a kanta. Abin da ya faru shi ne saƙon farko ya isa saba, wato kwamfutar kamfanin da ke karɓar saƙon ciniki, an cire kuɗin, amsa ce ta ɓata a hanyar dawowa. Maganinsa, kowane ciniki ya tashi da lambar shaida tasa tun daga na'urar, a ajiye ta a rumbun bayanai da sharaɗin ba za ta shiga sau biyu ba. Idan saƙo ya sake zuwa da lambar nan, saba ta mayar da amsar farko kawai. Cirewa daga wannan asusu da zubawa a wancan kuma a ɗaure su a dunƙule ɗaya, ko duka su tabbata ko duka su warware. Idan ka iya zana wannan, ka ƙara da dalilin sa fihirisa, wato jerin da ke saurin kai ka ga bayani, a ginshiƙin da ake yawan bincike da shi a rumbun bayanai irin PostgreSQL, da abin da fihirisar take jawowa na jinkirin rubutu, da lokacin da ya kamata a ajiye amsa a Redis, ma'ajiyar wucin gadi mai sauri, da haɗarin amsar ta tsufa, to ka riƙe rabin hirar.

Sai batun da ya fi mana wuya. An tarbiyyantar da mu da kawaici, yabon kai jahilci ne, don haka idan aka ce ba mu labarin aikin da ka yi, sai yaro ya yi ta cewa mun yi, mun gyara. Mai tambaya kuwa so yake ya ware hannunka daga na sauran. Shirya labari huɗu tun kafin ranar: aikin da ka kai ƙarshe, kuskuren da ka jawo, saɓani da abokin aiki, da lokacin da ka ce wa shugaba wa'adin nan ba zai yiwu ba. Kowanne minti biyu, da adadi idan kana da shi, misali shafi yana buɗewa a daƙiƙa shida ya koma ɗaya. Faɗin abin da ka aikata shaida ce kake bayarwa. Labarin kuskure ma kada ka ɓoye shi, ka faɗi yadda ka gano shi da gwajin da ka rubuta don kada ya dawo.

Wuta da sabis kuma kada ka bar su ga sa'a. Kwana biyu kafin ranar ka gwada kiran bidiyo a daidai wurin da daidai sa'ar, domin sabis ɗin safe daban da na yamma, ranar kasuwa kuma layi yana cunkushewa. Riƙe layi biyu na kamfanoni daban, kowanne da giga biyu aƙalla. Cika laftop da waya tun dare. Idan a ƙauyenku sandar sabis ɗaya ake samu, shiga mota ka kwana a Dutse ko Kano wurin ɗan uwa. Idan kamfanin a waje yake, ka duba agogo da kyau: misali lokacin Landan daidai yake da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Idan sa'ar ta faɗa kan sallar Juma'a, nemi a canza tun a saƙon farko. Da an fara hira kuma ka sanar da su cewa idan layi ya yanke za ka dawo ta ɗayan cikin minti biyu, wayar tana gefenka a kunne.