Kara RAM ba zai hana Photoshop mutuwa a cikin VM ba

Mutane da yawa idan Photoshop ko AutoCAD ya fara rufewa da kansa a cikin VM (kwamfutar kwaikwayo da ake gudanarwa a cikin kwamfutarka da manhaja irin VirtualBox ko VMware) sai su ce ai RAM ne yayi kadan, su kara masa giga 8 ya koma 16, abu kuma yana nan yadda yake. Wasu ma har direban NVIDIA suke kokarin sawa a ciki, shi kuma ya ki shiga yace bai ga katin girafik ba.

Gaskiya ya fada. Windows din dake cikin VM baya ganin katin girafik dinka na gaske, wani na jabu ake nuna masa, bude Device Manager ka duba zaka ga VMware SVGA 3D ko na VirtualBox, kuma wannan katin abinda yake iyawa takaitacce ne, VMware Workstation 17 a DirectX 11 ya tsaya (DirectX shi ne hanyar da manhaja ke bi ta yi amfani da katin girafik a Windows) alhali sabbin Photoshop DirectX 12 suke nema, to da zarar manhajar ta bukaci abinda babu sai allo yayi baki ko ta fita gaba daya.

Fara da sa VMware Tools (in VMware kake amfani da shi) ko Guest Additions (in VirtualBox ne) a cikin VM din, nan direban da ya dace yake. In bai daina ba kashe amfani da katin daga cikin manhajar, a Photoshop cire alamar Use Graphics Processor karkashin Performance, a AutoCAD rubuta GRAPHICSCONFIG ka kashe Hardware Acceleration. Zai dan yi nauyi wajen zuming, amma dai aiki zai tafi.

Mai aikin 3D sosai kam sai dai ya mika wa VM katin kacokan, wanda ke bukatar VT-d ko AMD-Vi (fasahar Intel da ta AMD dake ba da damar hakan), kuma yawanci kati na biyu.