Tsohon injin wanke-wankena ba zai tafi bola ba

Jiya ƙawata ta shigo kicin ta tarar injin wanke-wankena yana ta ruri, sai ta ce, “Haba Maman Biyu, har yanzu ba ki kai wannan kwarababben abu Panteka an auna a kilo ba?” Maganar ta kwana a raina, domin ba ita ce ta fara faɗa ba. Duk wanda ya ga fentinsa ya koma ruwan ƙwai sai ya ɗauka rowa ce ta hana ni sayen sabo. Ni kuwa da gangan nake riƙe da shi.

Shekara bakwai ke nan da na saye shi wurin masu kayan Beljiyam a nan Kaduna. Ƙirar Jamus ne, kuma dattijon da ke duba mini shi ya ce bisa kamanninsa na shekarun 1980 ne. Ba allo, ba lambobi masu walƙiya. Marfin juyi guda ɗaya ne a gabansa, kamar na tsohuwar rediyo. A bayan marfin akwai wata 'yar ƙaramar na'urar lantarki da ke juya wasu faifai masu haƙora a hankali, kowane haƙori idan ya zo sai ya danna makunninsa: wannan ya buɗe ruwa, wancan ya kunna abin dumamawa, na gaba ya sa famfon feshi, na ƙarshe ya zubar da ruwan datti. Iya basirarsa ke nan, kuma ita ce ta dace da garinmu. Idan aka ɗauke wuta, marfin yana tsayawa cak inda yake. Aka dawo da ita da ƙarfe biyun dare, ya ɗora daga nan. Idan ina sauri, da hannuna nake tsallake matakin busarwa. Maƙwabciyata kuwa ta sayi na zamani mai kyan gaske, wata rana wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ƙwaƙwalwarsa, ya fi shekara a ajiye ana jiran kayan gyara daga waje.

Sai batun wanki, wanda shi ne gaba da komai. Ranar suna ko walima, faranti talatin sun sha miyar taushe da manja ya daskare a kansu, in jera su, in juya marfin zuwa wankin digiri 65, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci su fito suna ƙyalli, da zafin da sai na sa tsumma kafin in taɓa. Sirrin ba wani boyayye ba ne: ruwa mai yawa, zafi mai yawa, da famfo mai ƙarfi. Har a falo kana jin ruwan yana dukan jikin ƙofa. Na taɓa tara ruwan da yake zubarwa don in sani, ya kusa cika jarka biyu masu cin lita 25. Sababbin na yanzu da wajen lita 10 suke gama aiki, amma sai su rama da lokaci, wankinsu na tattali kan haura awa uku a digiri 50. A inda wuta ba ta motsi wannan dabara ce mai kyau. A nan, wa zai lamunce mini wutar awa uku a jere?

Ba zan ɓoye ba, ƙishirwarsa tana damuna. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuma masu kura suka ƙara kuɗin jarka, ba na kunna shi sai ya cika maƙil. Ruwan ɗauraya kuma ina tarawa in wanke tsakar gida. Abin dumama ruwansa yana jan wajen wat 2,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa.

Akwai kuma abin da masu yabon tsofaffin injuna kan manta. Rabin sunan da suka yi na sabulun zamaninsu ne, mai sinadarin fosfet da ke tausasa ruwa ya hana datti komawa jikin kwano. An cire shi daga sabulun injin gida a Amurka a 2010, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi daga 2017, saboda yana haddasa yaɗuwar gansakuka a koguna. Sabulun yanzu da sinadarai masu narka sitaci da furotin yake aiki, su kuwa lokaci suke so. Shi ya sa dunƙulen sabulu na zamani wani lokaci ba ya gama narkewa a gajeren wankin tsohon inji. Ni na gari nake nema. Kada dai wanda ya kuskura ya zuba sabulun wankin kaya ko na ruwa, kumfa zai malale kicin.

Abin da ba ya iyawa, na daina tilasta masa. Ƙanzon tuwo a gindin tukunya sai jiƙo da soson ƙarfe. Tukunyar alminiyam baƙi take yi a ciki. Muciya da akushi tsagewa suke, kula kuma ba ta shiga ko kusa. Ragarsa an saƙa ta ne don faranti masu faɗi, kwanonmu mai zurfi idan ba a kifa shi da kyau ba sai feshi ya birkice shi ya fito cike da ruwan datti. Ba mamaki, asalinsa ke nan. Josephine Cochrane, wata mata a jihar Ilinoi ta Amurka da ta yi rajistar ƙirarta ta injin wanke-wanke a 1886 ta kuma nuna ta a baje kolin duniya na Shikago a 1893, tangaran ɗinta take son karewa daga ɓantarewa, don haka ta auna faranti da kofuna ta yi wa kowanne gurbi na waya. Kamfaninta ne wani kamfani mai suna Hobart ya saya, daga nan aka sami injinan KitchenAid na gida a 1949. Babu wanda ya taɓa auna tukunyar tuwo a cikin wannan tarihi.

Mai son saye ya lura da inda injin ya fito. Tsofaffin na Amurka abin sha'awa ne: wasu ta sama ake loda su, wasu suna da taya a gangaro su a maƙala tiyo a bakin famfo, da yawa kuma suna da 'yar wuƙa mai niƙa guntun abinci. Amma wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma ruwan zafi suke jira daga bututun gida. Na Turai shi yake dafa ruwansa, yana da rariya a ƙasa da sai kin cire kin wanke, da gurbin gishiri na musamman. Sannan idan tankinki bai da tsayi, ruwa ba zai shiga da ƙarfi ba. Ni sai da aka sa mini ƙaramin famfon turawa kafin ya daidaita.

Sau biyu ya tsaya a shekara bakwai. Na farko ƙwallon dabino ne ya toshe famfon zubarwa. Na biyu waya ce ta ƙone a bakin abin dumamawa. Dattijon nan ya kwance bayansa da sukudireba ɗaya, ya nuna mini da yatsa ya ce, “Hajiya, dubi nan, komai a fili yake, wannan an yi shi ne don a gyara.” Kafin la'asar ya gama.

Yanzu robar bakin ƙofa ce ta fara bushewa, yana ɗan ɗiga ta kusurwar hagu. Na zaga Panteka sau biyu ban dace ba. Wanda ya san mai irin wannan inji da ya mutu aka jingine, don Allah ya yi mini magana, zan sayi ƙofar gaba ɗaya.