Cinikin kundin bincike da abin da manhaja ba ta iya ganowa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'a ko kwalejin fasaha a Legas ya san wannan talla, domin tana riskarsa a zaurukan WhatsApp da Telegram tun kafin sashensa ya amince da taken bincikensa: a turo take, a biya kafin alƙalami, a karɓi babi na ɗaya zuwa na biyar cikin 'yan makonni. Masu sana'ar suna kiran kansu mataimaka wajen bincike, kuma lallai a cikinsu akwai waɗanda aikinsu bai wuce buga rubutu da gyaran Turanci da tsara manazarta ba, abin da ban ga aibinsa ba matuƙar malamin da ke duba aikin ya sani. Sauran kuwa kundin ɗungurungum suke rubutawa, ɗalibi ya ɗora sunansa, ya kuma sa hannu a shafin da ke shaida cewa aikin nasa ne.

Makarantu da dama sun jingina da manhajar Turnitin, wadda aikinta shi ne gwada rubutun ɗalibi da waɗanda ke cikin rumbunta domin ta nuna inda aka kwafa. Kundin da aka rubuta sabo fil saboda mutum ɗaya ba shi da abin da za a gwada shi da shi, saboda haka yakan wuce salin alin, har ma wasu dillalan kan haɗa wa mai saye da rahoton manhajar a matsayin shaidar cewa hajarsu ba ta da algus. Tun da ChatGPT, mai rubuta wa mutum abin da ya nema ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, ya fito a watan Nuwamban 2022 aikin ya ƙara sauƙi, domin abin da ke cin makonni a da yanzu ana harhaɗa shi a yini guda.

Ɓarnar da ta fi damuna tana babi na huɗu, inda ake baje sakamakon bincike. Wanda aka biya ya rubuta kundi ba zai sha rana yana raba takardun tambayoyi ba, zama yake yi ya ƙirƙiri alƙaluma, ya zana jadawali, ya ce kashi kaza na mutane sun ce kaza. Wannan asara ce da ta shafi Hausawan Legas kai tsaye. Yaron da mahaifinsa ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ko wanda ya tashi a Agege yana ganin yadda ake cinikin shanu a mayankar Oko-Oba, yana da abin da yawancin abokan karatunsa ba su da shi: yana jin harshen mutanen, sun san gidansu, za su faɗa masa gaskiyar kuɗin mota daga Arewa, da yawan tumatirin da ke ruɓewa a hanya, da yadda ake bashi tsakanin dillali da mai kaya ba tare da takarda ba. Idan irin wannan ɗalibi ya sayi kundi, wani wanda bai taɓa taka kasuwar ba ne zai rubuta ƙarya a kanta, a ɗaure ta da bango mai kauri, a ajiye a ɗakin karatu, bayan shekara biyu wani ɗalibin ya kafa hujja da ita.

Uzurin ɗalibai ba duka ne na banza ba. Akwai malamin da aka ɗora wa ɗalibai fiye da ƙarfinsa, akwai mai karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wanda ke tsaron shago daga safe zuwa dare, ga cunkoson hanya tsakanin Agege da jami'o'in da ke Akoka ko Ojo, ga kuma irin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 da ke sa a matse zangon karatu bayan an dawo. Duk waɗannan dalilai ne na a gyara yadda ake duba aiki, amma babu ɗayansu da ke mayar da aikin wani ya zama naka.

Ostireliya a 2020 da Ingila a 2022 sun mayar da sayar wa ɗalibai irin wannan aiki laifi a doka, alhali dokarmu ta maguɗin jarrabawa ta 1999 an tsara ta ne da ɗakin jarrabawa a zuciya. Ya dace majalisa ta duba wannan giɓi, sai dai ban sa ran doka kaɗai za ta kamo mutumin da ke ciniki da lambar waya da asusun banki ba. Abin da ke hannun makarantu ya fi wannan tasiri, wato a daina jiran ranar kare kundi kafin a yi wa ɗalibi tambaya. A zaunar da shi bayan kowane babi ya yi bayani da bakinsa, ya kawo takardun tambayoyin da aka cike da hannu, da muryoyin waɗanda ya yi hira da su, ya faɗi ranar da ya je da wanda ya kai shi. Iyayen da ke tura kuɗin furojet su ma suna da damar tambayar ɗansu wace kasuwa ko wace unguwa ya je, kuma da wa ya zanta.