Ƙarfin da ake cewa kamfani ya ɓoye a injin mota

Wani talla ya cika TikTok da zaurukan WhatsApp na masu son mota a Yamai: kawo Golf GTI ɗinka, ko BMW, ko Subaru, a jona mata kwamfuta, cikin awa guda a "buɗe" mata turbo, ka fita da ƙarin dawaki arba'in ko hamsin ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar da suke ta nanatawa, wai kamfani ne ya ɓoye ƙarfin injin da gangan, su fito da shi kawai suke yi, saboda haka babu haɗari. Wannan ƙarya ce, kuma injinan mutane take ci.

Gaskiya ne akwai rara. Injiniyan da ya tsara injin bai kai shi maƙura ba. Amma ba rowa ce ta sa ya bar rarar nan ba. Ya san motar za ta tsufa, za ta sha man da bai kai ba, za ta tsaya a cunkoso da tsakar rana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Rarar tamkar hatsin da magidanci ke bari a rumbu ne don shekarar fari. Mu nan Yamai, a wajen injin mota, kowace bazara shekarar fari ce. Motar da ta iso mana bayan ta yi shekara goma sha biyar a titunan Turai ta riga ta fara cin ajiyarta tun kafin kowa ya taɓa ta.

Aikin turbo shi ne cusa iska cikin injin da ƙarfi, a ƙara mai daidai da iskar. Iska kuwa in aka matse ta, zafi take ɗauka. A ranar da ma'auni ke nuna digiri 43, abin da ba baƙo ba ne a watannin Afirilu da Mayu, iskar da turbo ya matse da bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsin iska) tana fitowa da zafin da ya haura digiri 120. Akwai radiyato na musamman a gaban mota da ke huce ta kafin ta shiga injin, sai dai ba zai taɓa mayar da ita ƙasa da zafin iskar gari ba, balle in ƙurar hunturu ta toshe ramukansa. Iska mai zafi da matsi mai yawa su ne ke sa mai ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a hankali daga tartsatsin bugi. Fashewar nan ce ke fasa gefen fistan, ta ƙona gaskit, ta daki ƙarfen da ke riƙe da fistan har ya lanƙwashe. Masu Subaru mai injin EJ25 a duniya duka sun san labarin.

Abin da ke hana wannan fashewa shi ne oktan ɗin mai, wato ma'aunin juriyar mai ga matsi da zafi, kuma nan ne masu talla ke yin shiru. Fayilolin saitin injin da suke saukowa daga intanet su zuba a kwamfutar mota an rubuta su ne a ƙasashen waje, an gwada su da man da oktan ɗinsa ke da yawa a garin da digiri 25 ake kira zafi. Ita kanta GTI ta 2005 mai dawaki 200, kamfaninta 98 ya ba da shawara a zuba mata, 95 kuma in ta kama dole. Wane ne cikin masu kwamfutar nan ya taɓa auna man da abokin cinikinsa ke sha? Kuma kowa ya tuna watan Maris na 2025, lokacin da esans ya yi wuya, aka kwana a layin gidajen mai, masu motoci suka koma wa kwalaben bakin hanya. Injin da aka bari yadda kamfani ya yi shi zai iya haƙuri da irin wannan mai. Wanda aka cinye wa rara ba zai iya ba.

Za su ce ai kwamfutar motar tana jin fashewar, tana kare injin. Haka ne, tun 1982 kamfanin Saab ya fito da tsarin da ke rage matsin turbo in ya ji ƙwanƙwasa. To amma ku duba me hakan ke nufi: da rana tsaka kwamfutar tana janye ƙarfin da saurayi ya biya kuɗi ya saya, hayaƙin da ke bi ta turbo kuma yana ƙara zafi. Shi ya sa ake gwajin da dare a hanyar filin jirgi, a ɗauki bidiyo, a watsa. Mafi muni, akwai waɗanda ke dushe wannan kariya a cikin fayil ɗin, ko su goge fitilar gargaɗi don kada mai mota ya dawo da ƙorafi. Akwai kuma masu sa ɗan famfo a bututun da ke buɗe ƙofar rage matsi, su yaudari turbo ya ci gaba da hurawa, alhali famfon mai da injekta ba su iya ciyar da iskar. Mai ya yi kaɗan, wuta ta yi yawa, fistan ya narke. Wanda ya yi wa ɗan mutane haka ya karɓi kuɗinsa, ha'inci ya yi, kowane suna ya sa wa garejinsa.

Masu cewa a hana taɓa injin kwata-kwata ba su san samari ba, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Ana iya ƙara matsi cikin hankali. Sai an fara tabbatar da lafiyar injin: a auna matsin kowace silinda, a sa sabbin bugi, a juye baƙin mai da mai kyau, a wanke radiyato, a duba bututan iska ko suna yoyo. Sannan a ƙara kaɗan kaɗan, kashi ɗaya cikin goma na bar a kowane mataki, ana karanta yawan mai da iska da zafin iskar da ke shiga, a kan hanya, da ƙarfe biyu na rana, da man da motar za ta riƙa sha kullum. Da zarar kwamfuta ta fara janye ƙarfi, an kai iyaka, a koma baya.

Ƙanena mai GTI, kafin ka miƙa makulli ka tambayi maigidan garejin abu biyu: da wane mai aka gwada fayil ɗin, kuma in injin ya buga wa zai biya. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan gyara suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, suna daɗewa a hanya, farashinsu ya tashi. In ya ƙi rubuta maka amsar tambaya ta biyu a takarda ya sa hannu, ɗauki motarka ka tafi.