Ruwan Tiga ba namu ne mu kaɗai ba

Jama'a, yau da asuba na wuce ta bakin wata burtsatse a unguwarmu, na tarar da 'yan garuwa sun jera kuraye har bakin titi, ruwan kuma da ƙyar yake zubowa. Bazara ba ta ma yi nisa ba. Wani dattijo da ke tsaye ya ce, "A ƙara haƙa wata mana." Maganar ta tsaya mini a rai har yanzu.

Kullum maganinmu ke nan, a ƙara haƙa. Alhali birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan da ke ƙasa a tsagar dutse yake maƙale, ba shi da yawa. Maƙwabcinka ya zurfafa tasa, rijiyarka ta ƙafe, kai ma ka kira masu inji. Ina za mu tsaya?

Ruwan da ya riƙe garin nan daga dam yake zuwa. An kammala Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, lokacin da fari ya gama gasa Arewa. Na Challawa da ke Ƙaraye ya biyo baya a 1992. Daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka yi dam ɗin nan biyu a kansu, ake ɗibar wanda ake tacewa a Tamburawa da Challawa. Amma shi ne dai ruwan da manoman Kadawa da Kura da Bunkure ke jira don shinkafa da tumatir. Abin da ya rage ya bi ta Wudil, ya gangara Haɗeja, ya shiga fadamun Nguru, ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Masunci da makiyayi a can ƙasa suna da haƙƙi a cikinsa, kuma tun da aka sauya wa kogin tafiyarsa kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa da dama. Mukan manta cewa kafin 1991 Jigawa ma Kano ce. 'Yan'uwanmu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne muna lissafi kamar kowace damina irin ta bara za ta zo. A 1984 fari ne. A 1988 ruwa ya yi yawa har dam ɗin Bagauda ya fashe. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja. Allah kaɗai Ya san ta baɗi, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ni dai ra'ayina, Kano da Jigawa da Yobe su zauna da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are tun dam yana cike, su rubuta a takarda: idan ruwa ya sauka zuwa kaza, na sha ne farko, noman rani a rage shi da kaza, kuma a gaya wa manomi tun bai ci bashin iri da taki ba. Idan ya cika ya kusa tumbatsa, a sake shi da wuri kaɗan-kaɗan, a sanar da mutanen bakin kogi. Rabon da aka yi cikin ƙishirwa, mai ƙarfi ne ke cinye shi.

Kuma a riƙa auna ruwan, a faɗa mana. Kowa a garin nan zai iya gaya maka farashin buhun masara a Dawanau. Ina son ranar da zan kunna rediyo da safe in ji an ce ga inda ruwan Tiga ya tsaya a wannan makon.