Ku bar sabar ta sarara, adireshin firinta ne ya gudu

Wai don Allah yaushe mutanenmu za su daina kashe sabar, wato babbar kwamfutar ofis da ke tura wa firinta aiki, duk sanda firinta ta ƙi fitar da takarda? 'Yan Jidda kun ji abin da ya faru a maktab ɗinmu, wato ofis, ranar Lahadi, ba sai na maimaita ba. Kowa na tsakiyar aiki, takardun masu umara sun taru, mudir, wato shugaban ofis, ya zo ya zare wayar sabar daga bango wai don ta huta. Ta huta fa! Sannu injiniya, Allah ya ƙara basira.

Jama'a sabar ba ta yi komai ba. Firintar ce ba a ba ta tsayayyen adireshin IP ba, wato lambar da sauran na'urorin ofis ke samunta da ita, shi ke nan. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, aron lamba take ba kowace na'ura ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aron yana da wa'adi. An kashe firinta Alhamis da yamma, ta wuni Juma'a da Asabar a kashe, wa'adi ya cika, Lahadi da safe wayar hannun wani ta riga ta hawa intanet ɗin ofis ta ɗauke lambar, ita kuma firinta aka miƙa mata wata. Sabar na ta tura aiki 192.168.1.50 alhali firinta ta koma 192.168.1.73, kamar mai sallama a ƙofar gidan da masu shi suka tashi. Ko sau ɗari ka kashe ka kunna, tsohon gidan za ta koma.

Aikin minti biyar ne wallahi. Ka sa firintar ta buga takardar saitinta ka ga lambar da take kai yanzu, ka shiga shafin Ports na saitin firintar a sabar ka ga wadda aka rubuta, in sun saɓa ka kama ɓarawonka. Ka yi mata ping, wato ka aika mata saƙon gwaji daga kwamfuta, in ba ta amsa ba duba kebul tukuna. Sannan ka ba ta lambar dindindin a wajen zangon da rauta ke rabawa, ko ka ɗaure lambar da MAC ɗinta, wato lambar shaidar da take zuwa da ita daga kamfani, a cikin rautar. Ka haɗa ta da Standard TCP/IP a kan port 9100, ka rabu da WSD ɗin nan mai ɓata rai, wato hanyar da Windows ke nemo firinta da kansa. In tana amsa ping amma Windows ya nace wai tana Offline, cire alamar SNMP Status Enabled a saitin port ɗin ka gani. In kuma takardu ne suka cunkushe a layi, Print Spooler, wato manhajar Windows mai jera takardun da za a buga, kaɗai za ka tsayar, ka share abin da ke cikin System32\spool\PRINTERS ka tayar da shi. Ina zare waya ya shigo a nan?

Na san wani zai ce ai wancan karon da aka kashe aka kunna ta yi. Malam sa'a ka taka. Wani kuma ya ce sabuntawar Windows ce. E an yi wannan a 2021 lokacin matsalar tsaron firinta da ake kira PrintNightmare, mutane sun sha kuskure mai lamba 0x0000011b har sun gode Allah, amma waccan da lambarta take zuwa ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta, taku ba ita ba ce. Ku ba firinta adireshi!

Abin da ya ƙona min rai tsakani da Allah, akwai dattijon da ya taso tun daga Makka saboda takarda ɗaya tal, yana zaune shiru da jakarsa a cinya har aka kira azahar, ga akanta na neman fayil ɗin da yake cikin rubutawa sanda aka zare wayar. Baba bai ce uffan ba, sai ma shi ke ba mu haƙuri.

Af, kuma mai buga wa yaransa aikin makaranta da kala bayan an tashi, shafi wajen arba'in har da hoton raƙumi, mun gani, sabar tana ajiye sunan wanda ya tura. Riyal nawa kake tsammanin ake sayen tona, tawadar firinta?